Sai Bango Ya Tsage: Zazzaɓi, Shan Magani da Lafiyar Hanta

Wadda ke tankaɗe ta ɗan sassauta rariya, wadda ke gaban murhu ta jawo rediyon kusa, domin maganar yau ta shafi kowane ɗaki.

Abin da ya jawo maganar, saƙo ne da wata baiwar Allah ta aiko mana daga Daura. Ba Daurar Katsina ba fa, Daura ta ƙasar Karaye, nan yammacin jihar Kano. Ta roƙi kada a faɗi sunanta, kuma ba za mu faɗa ba. Ta ce a ƙarshen damina abokiyar zamanta ta kwanta zazzaɓi. Aka aiki yaro kemis ya karɓo fanadol, tana shan biyu-biyu sau huɗu a rana. Kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba, sai aka sake aiken yaron, wannan karon aka ba shi haɗi a ƙulle cikin 'yar leda, a sha safe da rana da dare. Da mura ta biyo baya, maƙwabciya ta miƙo maganin mura ta kan katanga. Uwar miji kuma, saboda tausayi, ta jiƙa mata sassaƙe. Duk wannan ana yi, baiwar Allah ko koko ba ta iya sha, cikinta babu komai. A kwana na biyar aka wayi gari idanunta sun yi ruwan ɗorawa, tana ta amai. Aka ce ai shawara ce, kuma mai shawara ba a kai shi asibiti, wai allura za ta kashe shi. Wadda ta aiko saƙon ita ce ta dage wa maigida har aka ɗauko mota. A asibiti aka auna jini, aka ce hantarta ta ji jiki, kuma ashe tana ɗauke da ciwon hanta nau'in B tun ba yau ba, ba ta sani ba. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi. Tambayar mai saƙon ita ce: wannan fanadol ɗin da muka shekara muna sha lafiya lau, ya aka yi ya juya wa 'yar'uwata baya?

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri, kin yi abin da ko ciki ɗaya kuka fito iyakarsa ke nan. Ni ba likita ba ce, amma na ɗauki tambayarki na kai wa masu sani, kuma ga abin da na samo mana.

Mu fara da ita hantar. Tana nan a ɓangaren dama, ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta a jikin babban mutum ya kai wajen kilo ɗaya da rabi. Duk abin da kika haɗiya, tuwo ne, ƙwaya ce, jiƙo ne, in ya bar hanji, jini hanta yake fara kai shi. Ita ke tacewa, ta ajiye mai amfani, ta sarrafa mai cutarwa yadda zai fita ta fitsari ko ta bayan gida. To a wajen sarrafa farasitamol, wato ainihin sinadarin da ke cikin fanadol, akwai wani ɗan guba da yake fita, kamar yadda in kina girki dole hayaƙi ya tashi. Allah da ikonsa ya ajiye wa hanta wani sinadari mai suna gulutatayon, shi ke kama wannan guba ya kashe masa kaifi. Muddin an sha magani daidai ƙa'ida, gulutatayon ya wadatar, ba abin da zai faru. Amma shi wannan sinadari daga abinci jiki ke haɗa shi. In mutum ya kwana uku bai ci ba, rumbun ya yi ƙasa. In kuma a daidai lokacin aka ninka maganin, kin ga guba ya yi yawa, mai tare shi ya yi kaɗan, sai ya faɗa wa naman hantar kanta.

Yanzu mu yi lissafin abin da maras lafiyarmu ta sha. Ƙa'idar babban mutum mai lafiyayyar hanta ita ce kada ya wuce giram 4 a cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Da fanadol ɗinta kaɗai ta riga ta cika takwas. Haɗin kemis na zazzaɓi da wuya ka buɗe shi ba ka ga farasitamol ba. In biyu ne a kowane ƙulli, sau uku, ga shida. Magungunan mura irin su Procold da Mixagrip su ma akwai farasitamol a cikinsu, a rubuce yake a jikin takardarsu. In ta sha uku, ga uku. Takwas da shida da uku, goma sha bakwai ke nan a rana guda. Ita a ganinta magani uku daban-daban take sha, alhali abu ɗaya ne ya sake riga.

To amma yawan magani rabin labarin ne. Ɗaya rabin, wanda shi ne kan maganarmu, shi ne halin da maganin ya tarar da hantar a ciki.

Kun san katangar ƙasa. Da rani akuya za ta wuni tana goga jikinta da ita, ko gezau. Amma a watan Agusta, in marka ta kwana uku tana jiƙa ta, wannan akuyar dai, wannan gugar dai, sai ki ji rim, katanga ta zube. Akuyar ba ta ƙara ƙarfi ba, katangar ce ta sha ruwa. Haka hanta take a lokacin da cuta ta shiga jiki.

Idan ƙwayar cuta ta shigo, ta maleriya ce, ta taifod ce, ko bairos, garkuwar jiki takan tashi yaƙi. Wannan yaƙin shi likitoci ke kira kumburi. Ba sai an ga wuri ya tasa kamar maruru ba, akwai kumburin da ke faruwa can ciki, a cikin jini da naman jiki, kuma zazzaɓi ɗaya ne daga alamunsa. A cikin hanta akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gadi, da sun ji ɗuriyar cuta sai su saki sinadaran faɗakarwa, babba a cikinsu ana ce masa TNF. Waɗannan sinadarai suna da amfani, su ke kiran sojojin jiki. Sai dai suna yin abu biyu da ya shafe mu. Na ɗaya, suna rage wa hanta saurin sarrafa wasu magunguna, sai maganin ya daɗe a jiki fiye da yadda aka saba. Na biyu, suna barin ƙwayoyin naman hanta a gajiye, a kan gaɓar mutuwa, ta yadda ɗan abin da da can za su shanye su warke, yanzu shi zai ƙarasa su. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cuta ce ke tsaga bangon, magani ya bi ta tsagar.

Kada ku ɗauka wannan tatsuniya ce, domin ɗaya daga cikin magungunan da aka gano hakan da su, mu mutanen Kano mun san sunansa, kuma ba da daɗi muka san shi ba. Manyanmu za su tuna shekarar 1996, shekarar sanƙarau, wadda ta ɗauke dubban rayuka a Arewa. A lokacin ne kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana da ke Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfani ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, aka daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Ita maganar hanta ba a Kano ta fito ba. Ta fito ne bayan an fara sayar da maganin a Amurka, inda akasarin waɗanda suka sha ba abin da ya same su, amma 'yan kaɗan hantarsu ta lalace, har wasu suka mutu. A 1999 hukumar magunguna ta can ta taƙaita amfani da shi ƙwarai, Turai kuma ta dakatar da shi. Masana suka shiga tambayar da 'yar'uwarmu ta Daura ta yi: me ya sa wannan ya sha ya tashi, wancan ya sha ya kwanta? A shekarun 2000 wasu masu bincike a wata jami'a da ke jihar Mishigan ta Amurka suka gwada a kan ɓeraye. Suka ba wasu Trovan shi kaɗai, hanta lafiya lau. Suka sa wa wasu ɗan abin da ke tayar da kumburi, wanda aka samo daga jikin bakteriya, shi kaɗai, nan ma lafiya. Da aka haɗa biyun a jikin ɓera ɗaya, sai hanta ta lalace. Suka sake gwadawa da wani magani ɗan'uwan Trovan, wanda ba a san shi da taɓa hanta ba, ko da an haɗa shi da kumburin bai yi ɓarna ba. Da kuma suka toshe aikin TNF, sai ɓarnar Trovan ɗin ta ragu. Kun ga katanga da akuya ke nan.

A nan ina so ku ji ni da kyau. Ban kawo labarin Trovan don wata ta ce ta daina yarda da maganin asibiti ba. Mun ga abin da irin wannan tsoro ya jawo a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye. Darasin Trovan shi ne magani ba abin wasa ba ne, dole a san me ake sha, nawa ake sha, kuma wa ke sha. Wannan ko shi ne abin da leda ƙullalliya ba za ta taɓa gaya miki ba.

To ban da ɓera, a jikin ɗan Adam fa? Akwai wurare uku da abin ya tabbata, kuma duk ukun suna cikin gidajenmu.

Na farko, asfirin da yara. Tun a 1963 wani likita a ƙasar Ostireliya mai suna Reye ya bayyana wata cuta da ke kama hanta da ƙwaƙwalwar yara. Daga baya aka gano yawanci tana biyo bayan an ba yaro asfirin alhali yana fama da cutar bairos, kamar mura mai zafi ko ƙarambau. Yaro ya fara samun sauƙi, kwatsam sai amai ba ƙaƙƙautawa, sai ruɗewa, sai suma. Da aka hana ba yara asfirin a ƙasashen Turai da Amurka a shekarun 1980, cutar ta kusa ɓacewa. Saboda haka, yaron da bai kai shekara 16 ba, kada a ba shi asfirin don zazzaɓi. Ku lura kuma, garin maganin ciwon kai na 'yar takarda, irin Alabukun, asfirin ne a ciki. Na manya ne, kada a ɗiba a sa wa yaro a koko.

Na biyu, maganin tarin fuka. Magani ne mai kyau, kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha, kuma yana warkarwa sarai. Amma uku daga cikin ƙwayoyin da ke cikinsa suna iya wahalar da hanta, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C, ko cuta mai karya garkuwar jiki, ko wanda yunwa ta rame. Ba cewa aka yi irin waɗannan kada su sha ba, a'a, cewa aka yi a san halin hantarsu tun farko, a riƙa dubawa. Ga wani abin lura: wannan magani yana mayar da fitsari ja-ja kamar ruwan lemo, wannan ba komai ba ne. Amma in fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ga tashin zuciya, ga ido ya canza, to a ranar za a koma wurin da aka karɓi maganin. Kada a jira ranar da aka rubuta a kati, kada kuma a ajiye magani a yi shiru.

Na uku, shi kansa ciwon hanta nau'in B. Wani babban bincike da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da shi. Ki ƙirga matan da ke zuwa gidan suna, ki ga nawa ke nan. Galibinsu ba su sani ba, domin yana iya shekara ashirin yana cin hanta a hankali ba ciwon kai ba zazzaɓi. Wannan kumburi ne na kullum, katanga ce da ba ta taɓa bushewa ba. Ana ɗaukarsa daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, ta reza da askar da aka yi wa wani amfani da ita, wajen kaciya, cire beli, ƙaho, yankan farce, ta allurar da aka maimaita, da kuma ta auratayya. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya, ko gaisawa, ko zama ɗaki ɗaya. Don haka in an ce abokiyar zamanki na da shi, kada a ware mata kofi, kada a hana 'ya'yanki shiga ɗakinta. Abin yi shi ne maigida da duk matan gidan da yara a je a auna, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi, allura uku ce. Jariri kuwa, allurar farko a cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi masa, ko da a gida aka haihu. Kada a ce sai an yi suna.

Sai maganar jiƙe-jiƙe. Ba na raina abin da iyayenmu suka gada, kuma na san wadda ta jiƙa don ƙauna ta jiƙa. Amma sassaƙe da saiwa su ma sinadarai ne, su ma hanta ce ke sarrafa su, kuma ba wanda ya auna ƙarfin abin da ke cikin kwanon. Hantar da ke fama da zazzaɓi, ga ƙwayoyi, a ƙara mata jiƙo, kaya ne a kan kaya. Batun kuma wai mai shawara ba a yi masa allura, wannan magana ta kai mutane da yawa kabari. Rawayar ido alama ce, ba cuta ɗaya ba ce: maleriya mai tsanani na kawo ta, ciwon hanta na kawo ta, magani na kawo ta, ciwon sikila na kawo ta, kuma kowanne da maganinsa. Shi ma gubar farasitamol akwai makarinsa a manyan asibitoci, kuma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa 8 na farko. Abin tsoron shi ne a ranar farko mutum na iya zama garau, sai bayan kwana biyu ko uku ɓarnar ta bayyana. In yaro ya samu kwalba ya shanye, ko babba ya gane ya zarce ƙa'ida, kada a tsaya jiran alama.

Na san halin da muke ciki. Yawancinmu ba mu ke zuwa kemis ba, yaro ɗan shekara tara ake aika, ya je ya ce Umma ta ce a ba ta maganin zazzaɓi. Mai kemis bai ganki ba, bai san kina da ciki ba, bai san kin kwana uku ba ki ci ba, bai san abin da kika riga kika sha ba. A yankin Karaye da Rogo kuwa, ga damina, ga ruwan madatsar Challawa, ga fadamun noman rani, sauro ba ya yanke mana, zazzaɓi baƙon kullum ne. To ga abin da za ki iya yi daga cikin ɗakinki.

In za ki aiki yaro, ki haɗa shi da fankon duk maganin da kika sha, ki ce ya nuna. Ki ce a ba shi magani a cikin katinsa mai suna da lambar NAFDAC, ba a ɓare a ƙulla a leda ba. In ya kawo, ki sa wani ɗan makaranta ya karanta miki jikin kowanne. In sunan farasitamol ya fito a biyu, ɗaya za ki sha. Ki sami gawayi ko alli, duk shan da kika yi ki ja layi a bango, domin mai zazzaɓi mantuwa gare shi. Ki daure ki sa wani abu a ciki, ko kunu ne, ko fura, ki yawaita ruwa. Maganin yara da nauyinsu ake aunawa, a yi amfani da ɗan murfin awo da ke zuwa da kwalbar, kada a wuce sau huɗu a awa 24, kada kuma a ɓalla ƙwayar manya a ce ai rabi ne. Zazzaɓin da ya kwana biyu bai sauka ba, gwajin jini yake so, na maleriya ko minti ashirin ba ya kaiwa. Fanadol zafi kawai yake saukarwa, ba ya kashe cutar. Ga jariri da mai ciki kuwa, ba a ma jira kwana biyun. In kuma kin san kina da ciwon hanta, duk ma'aikacin lafiyar da zai rubuta miki magani, ki gaya masa tun kafin ya ɗora biro.

Alamun da ba a kwana da su a gida kuwa su ne: ido ko tafin hannu ya yi rawaya, fitsari kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, amai da ƙin abinci, ƙaiƙayin jiki ba ƙuraje, zubar jini daga dasashi ko hanci, yawan barci ko magana ba kan gado. A duba ido da rana a tsakar gida, hasken fitila yana ɓoye rawaya. In an gani, asibitin Karaye ko na Rogo, wanda ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. A tafi da duk fankon magani, har da sauran jiƙon, kuma a faɗi gaskiya, ba wanda zai doke ki.

Iyayenmu maza, na san wasunku na jin mu daga zaure. Don Allah in uwargida ta ce ido ya canza, kada a ce a bari sai ranar kasuwa. Ku bar izini tun kafin ku fita gona ko ku tafi ci-rani, cewa in irin wannan ta taso, wane zai kai ta. Iyayenmu surukai, ku ne ake jin maganarku a gida, in kuka ce a tafi asibiti ba mai musu. Ke kuma 'yar'uwa, ki sami lokacin da Malam ya ci ya huta, ki ce masa kin ji a rediyo ana son duk gida a auna hanta sau ɗaya, ki roƙe shi ya fara da kansa.

'Yar'uwarmu ta Daura, amsar tambayarki ke nan. Fanadol bai canza hali ba, har gobe magani ne mai kyau in an bi ƙa'idarsa. Yawa aka yi masa, ya kuma tarar da hantar da zazzaɓi da yunwa da tsohon ciwo suka riga suka jiƙa. Ki gaishe mana da mai jiki, ki ce ta riƙe ranakun komawa asibiti ko da ta ji garau, kuma ku ma sauran mutan gidan a je a auna.

Lokaci ya yi mana halinsa. Mai tambaya ta aiko, ba za mu faɗi suna ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya raya mana zuri'a, ya bar mu da mazajenmu lafiya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum, ku huta lafiya.